Ajiye Aiki Ba Tare da Rigima Ba: Shawarwari Kan Wa'adin Notis

Ranar kama aiki kowa yana sane. Ana taya murna, ana addu'a, wani har sadaka yake yi. Barin aiki kuwa mutum shi kaɗai yake ƙulla abinsa a zuci, sai a wayi gari ya faɗa wa oga cewa daga Litinin ba za a ƙara ganinsa ba. Daga nan ja-in-ja ta fara. Kamfani ya ce sai an ba shi wata uku, ma'aikaci ya ce sabon wuri yana jiransa, akanta ya riƙe albashin ƙarshe, a gida kuma a rasa kuɗin cefane. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan rigima ba su taɓa taka ofishin ba, domin su ne matar gida da yara da tsofaffin da ake aika wa ɗan abin masarufi duk ƙarshen wata. Shi ya sa nake ganin ajiye aiki maganar gida ce gaba ɗaya, kuma mafi yawan rigimarta takarda biyu ke kashe ta: wadda aka sa wa hannu ranar shiga, da wadda za a rubuta ranar fita. Shawarwarin nan a kan dokar Najeriya aka gina su.

1. Nemo takardar ɗaukar aikinka kafin ka furta komai.

Tana nan a ƙasan akwati, cikin fayil ɗaya da takardun haihuwar yara da rasiɗin fili. Ciro ta ka karanta a nitse, ka nemi layin da ya yi bayanin yadda ake rabuwa. Nan za ka ga ko mako biyu ne, ko wata ɗaya, ko uku, da kuma ko an yarda a biya kuɗi a madadin zaman notis. Idan takardar ta ce sauran sharuɗɗa suna cikin littafin ƙa'idojin ma'aikata, shi ma nemo shi, don ya shiga cikin yarjejeniyar ke nan. In magana ta kai gaban alƙali, wannan takarda zai fara tambaya, ba abin da manaja ya faɗa maka da baki a cikin mota ba. Idan Turancinta ya yi maka nauyi, kai wa wanda ya iya ya warware maka, babu kunya a cikin wannan.

Duba kuma ko an tabbatar da kai a aikin. Wurare da yawa wa'adin wanda ke lokacin gwaji gajere ne, na wanda aka tabbatar kuma dogo. Akwai mutanen da suka shekara uku suna aiki ba a taɓa ba su takardar tabbatarwa ba, sai ranar tafiya kowane ɓangare ya kama wa'adin da ya fi masa daɗi. Wanda yake cikin wannan hali ya nemi a fayyace matsayinsa a rubuce tun ana ɗasawa.

Wanda ba a ba shi takarda ba sam, ya sani sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa wanda ya ɗauke shi ya ba shi sharuɗɗan aikin a rubuce kafin wata 3 ya wuce, kuma wa'adin notis yana cikin abubuwan da dole a rubuta. Neman wannan takarda haƙƙi ne.

Ga iyaye da yayye: idan ɗanku ko ƙanwarku ta samo aiki, ku karanta wannan layi kafin a sa hannu. Za ku tarar da takardun da suka ce ma'aikaci ya ba da wata uku, kamfani kuma ya sallame shi da mako ɗaya. Lokacin neman gyara shi ne kafin biro ya taɓa takarda.

2. San abin da doka ta yanka, da kuma wanda ta yanka wa.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya auna wa'adi da daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana 1 ne. Wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da shekara 5, mako 2. Shekara 5 zuwa sama, wata 1. Wannan ma'auni yana kan kowa, mai barin aiki da mai sallamar ma'aikaci. Duk notis ɗin da ya kai mako 1 dole ya zama a rubuce.

Sai dai mutane suna yin kuskure biyu a nan. Na farko, suna ɗauka waɗannan kwanaki sun shafe abin da suka sa wa hannu. Ba haka ba ne. Idan takardarka ta ce wata uku, kai kuma ka yarda ka sa hannu, da wata uku za a kama ka. Na biyu, dokar ba kowa ta kira ma'aikaci ba. Sashe na 91 ya keɓe ta ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya fitar da masu gudanarwa da masu zartarwa da ƙwararru. Manajan banki da likita da injiniya, yarjejeniyarsu ce dokarsu. Ma'aikatan gwamnati suna da Ƙa'idojin Aikin Gwamnati, masu kaki suna da nasu dokokin, jami'o'i da yawa kuma suna neman malami ya ba da wata uku, su ɗaure tafiyarsa da ƙarshen zangon karatu don kada a bar ɗalibai ba wanda zai duba musu jarrabawa.

3. A zauna a gida a yi lissafi kafin a rubuta takarda.

Maigida ya faɗa wa uwargida, matar da ke aiki ta faɗa wa mijinta, a ɗauko takarda da biro. Yaushe albashin ƙarshe na tsohon wuri zai shigo? Yaushe na farko na sabon wuri zai shigo? Tazarar da ke tsakani ita ce abin tsoro. A kamfani tana iya zama wata ɗaya da 'yan kwanaki, a aikin gwamnati kuwa sabon ɗauka yakan jira watanni kafin sunansa ya shiga tsarin biyan albashi. Me zai faɗo a cikin wannan tazara? Kuɗin makaranta na Satumba ko Janairu ko Afrilu, kuɗin haya, zubin adashi, azumi, sallah, haihuwar da ake jira.

Akwai abubuwan da ke tafiya da aikin waɗanda ba a tunawa sai sun yanke. Katin asibiti na inshorar lafiya da kamfani ke biya yakan mutu ranar da aka fita. Idan akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidan, ko mai juna biyu, a san da me za a sayi magani. Wanda ke zaune a gidan kamfani ya tambayi kwana nawa za a ba shi ya kwashe kaya, kada ya zaci ladabi zai sa a ƙyale shi.

Watan notis yana da amfani ga gida ta nan. Albashi ne guda cikakke da iyali za su samu suna shirin canji.

4. Kada ka saki na hannu sai takardar sabon wuri ta zo.

"Ai mun riga mun ɗauke ka, ka zo kawai" ba takarda ba ce. Jira a ba ka a rubuce, da albashi da ranar farawa. Kuma tun a wurin ganawa, idan aka tambaye ka yaushe za ka iya farawa, faɗi gaskiya: "Akwai notis na wata ɗaya a kaina, zan fara bayan na cika shi." Wurin kirki zai jira, domin shi ma ba ya son ranar da za ka bar shi ka yi masa tafiyar dare. In sun matsa lallai sai mako mai zuwa, tambaye su ko za su ɗauki nauyin kuɗin da tsohon wuri zai nema. Wasu kamfanoni suna yi, amma sai an tambaya.

5. Faɗa da baki don mutunci, rubuta don shaida.

Shiga wurin shugabanka kafin labari ya riga ka. "Ranka ya daɗe, na zo in sanar da kai da bakina kafin takarda ta iso teburinka." Wannan jimla ɗaya tana sauƙaƙa abubuwa da yawa da za su biyo baya, domin babu shugaban da ke jin daɗin jin tafiyar yaronsa a bakin masinja.

Sannan ka miƙa takarda. Ko da Turanci za a rubuta ta, abin da za ta ƙunsa bai wuce wannan ba: kwanan wata, sanarwar cewa kana ajiye aiki, tsawon notis kamar yadda takardar ɗaukarka ta ce, ranar da za ta zama ta ƙarshe, shirinka na miƙa aiki, da godiya. Kada ka zuba ƙorafi a ciki. Takardar za ta zauna a fayil ɗinka shekara da shekaru bayan fushin ya huce.

Buga kwafi biyu. Wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka, ya buga hatimi in akwai. Ka ƙara da aikawa ta imel. Idan aka ƙi karɓa, aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasiɗin. Dalilin wannan duka shi ne ranar karɓa ce ranar da ake kamawa. Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar hukumar jarrabawa ta WAEC da Oshionebo a 2006, ta ce murabus yana kama aiki ne daga ranar da takardar ta isa hannun wanda aka rubuta wa, ba ranar da aka rubuta ta ba, ba kuma ranar da aka ga dama aka amsa ba. Saƙon WhatsApp da dare yana iya zama shaida, amma raunanniya ce, kuma ana iya cewa lambar ba ta ofis ba ce.

Wajen ƙirga kwanaki, Dokar Ƙwadago ta ce ba a lissafa ranar da aka ba da notis. Wanda ya miƙa notis na mako ɗaya ranar Litinin, daga Talata zai fara ƙirga, ya ƙare Litinin ta gaba. Kuskuren kwana ɗaya ya isa wani akanta ya ce ba a cika wa'adi ba.

6. Biyan kuɗi a madadin notis: a kan wane albashi?

Dokar ta yarda ɗayan ɓangarorin ya yafe notis, ko ya karɓi kuɗi a madadinsa. A nan ne rigima ta fi zafi, domin albashin Najeriya kashi-kashi ne: ga ainihin albashi, ga alawus na gida, na mota, na abinci. A ce abin da ke shiga asusunka duk wata naira 150,000 ne, ainihin albashin kuma 70,000, notis ɗinka wata uku. Idan aka lissafa da jimla, 450,000 za a nema a wurinka. Idan aka lissafa da ainihin albashi, 210,000 ne. Bambancin ya isa kuɗin hayar shekara a unguwanni da yawa.

Ga waɗanda Dokar Ƙwadago ta shafa, sashe na 11 ya ce ba a sa kuɗin ƙarin lokaci da alawus-alawus a wannan lissafi. Ga sauran, abin da takardarsu ta ce shi ne. Idan ta ce albashi kawai ba ta fayyace ba, ku zauna ku daidaita, a rubuta adadin, kowa ya sa hannu.

Lokacin biya ma yana da muhimmanci. Kotun Ƙoli, a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, ta ce wanda ya zaɓi raba yarjejeniya ta hanyar biyan kuɗi, ya biya a lokacin da yake rabawar, alkawarin biya daga baya bai isa ba. Wannan ya hau kan kamfanin da ya sallami mutum ya ce ya dawo wata mai zuwa ya karɓi haƙƙinsa, kuma darasi ne ga ma'aikacin da ke son tafiya yau. Biya ta banki, kada ka ba wani kuɗi a hannu ba rasiɗi.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane ke mantawa da ita: ka zauna rabin wa'adin, ka roƙi a yafe sauran ko ka biya shi. Shugabanni da yawa suna yafewa idan an zo musu da ladabi kuma an gama miƙa aiki. In an yafe, nemi layi ɗaya a rubuce da ke cewa an yafe.

7. "Ba mu amince da murabus ɗinka ba."

Wannan magana tana tsorata mutane, har wasu su fasa tafiya su rasa sabon aikin. Kotunan ƙasar nan sun daɗe suna cewa ma'aikaci yana da ikon ajiye aiki, kuma wanda ya ɗauke shi ba shi da zaɓin ƙin karɓa. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta aikin tilas. Abin da kamfani zai iya nema shi ne kuɗin notis da ba a cika ba da bashin da yake bin ka. Ba zai iya ɗaure ka a kujera ba. Ka cika kwanakinka, ka miƙa kayansu, ka tafi.

8. Idan aka ce ka tafi yau, ko aka matsa maka ka rubuta murabus.

Yakan faru ka ba da wata ɗaya, oga ya fusata ya ce ka kwashe kayanka yanzu. Kada ka fita da baki kawai. Ka ce a rubuta maka cewa su ne suka gajarta wa'adin, ka kuma tambayi matsayin albashin sauran kwanakin. Idan ba a rubuta ba, kai ka rubuta musu a ranar, ka ce ka zo da niyyar cika notis an ce ka tafi. In ba ka yi haka ba, bayan wata biyu labari zai iya juyewa ya zama kai ne ka gudu.

Mafi muni shi ne a kira mutum ofis, a ajiye masa farar takarda a ce ya rubuta murabus ko a kore shi da tozarci. Ana yin haka ne sau da yawa don a guje wa biyan haƙƙin sallama. Ka nemi a ba ka kwana ɗaya ka yi shawara. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana ɗaukar murabus ɗin da aka tilasta a matsayin kora, amma sai an kawo shaida, don haka ajiye saƙonni, ka rubuta ranar da sunayen waɗanda ke wurin.

9. Bashi, ta kowane ɓangare.

Lissafa abin da ake bin ka kafin su lissafa maka: rancen albashi, bashin ƙungiyar ma'aikata, kuɗin babur ko firji da ake cirewa kaɗan-kaɗan. Idan wurin aikinka ya biya maka kuɗin karatu ko kwas bisa sharaɗin za ka zauna wasu shekaru, karanta wannan yarjejeniya daban, domin cika notis ba ya sauke ta. Ma'aikatan jinya da likitocin da gwamnatocin jihohi suka ɗauki nauyin karatunsu sun san wannan sosai. Ka tuna da wanda ya tsaya maka garanto ranar ɗauka. Idan ka ɓace da bashi, ƙofarsa za a buga, kuma galibi kawunka ne ko malaminka ko maƙwabcin da ya yarda da kai.

Ɗaya gefen kuma shi ne wanda ya fi ci mini rai. Malamar makarantar kuɗi ta yi wata uku ba albashi, tana zuwa da kuɗin mota na rance, ta samu wani wuri, ta zo sallama, sai mai makaranta ya ce ba ta ba da notis ba, saboda haka ta yi asarar abin da take bi. Wannan zalunci ne, kuma babu dokar da ta ce rashin notis na wata ɗaya yana cinye albashin wata uku da aka riga aka yi wa aiki. Abin da ya dace ta yi shi ne ta rubuta adadin da take bi wata-wata, ta haɗa da takardar murabus, ta ce in akwai kuɗin notis a cire shi daga ciki a ba ta saura. Takardar banki da ke nuna watannin da albashi bai shigo ba ita ce babbar shaidarta.

10. Kwanakin notis kwanakin aiki ne.

Zo a kan lokaci, yi aikin kamar da. Wanda ya fara fashi a watan ƙarshe yana ba da ƙofar a kore shi da laifi kafin wa'adi ya cika, ya fita da baƙar takarda maimakon fara. Hutun shekarar da ka tara ba ka da ikon cusa shi cikin notis kai kaɗai, sai an yarda.

Rubuta bayanin miƙa aiki: abin da aka gama, abin da ya rage, wanda ake bi, wanda ke bi. Jera kayan da ke hannunka, makullai, katin shaida, kwamfuta, waya, mota, littafin rasiɗi, wanda ya karɓa ya sa hannu a gaban kowane ɗaya. Idan wurin yana da takardar kiliyarans da ake zagayawa da ita ofis-ofis, fara tun da saura mako, kada ka bari sai ranar ƙarshe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kada ka kwashi sunayen kwastomomi ko sirrin wurin ka tafi da su. Garuruwanmu ƙanana ne ta fuskar sana'a, kuma sabon wurin da za ka nema nan da shekara biyar tsohon ogan nan zai kira ya tambaya.

11. Karɓi naka kafin ka fita ƙofa.

Dokar Ƙwadago ta ce duk albashin da ake bi a biya shi kafin wa'adin notis ya ƙare ko a ranar da ya ƙare. Nemi lissafin ƙarshe a rubuce, ka ga abin da aka cire da dalilinsa. Tambayi kuɗin hutun da ba ka ci ba, da giratuti idan tsarin wurin yana da shi. Karɓi takardar shaidar aiki. Idan sun riƙe ainihin satifiket ɗinka tun ranar ɗauka, kamar yadda wasu wurare ke yi, nemi a dawo maka da shi a rubuce, domin takardar karatunka ba jinginar bashi ba ce.

Fansho naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi kuma kashi 10. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin da ke kula da fanshonka, ka duba ko duk watannin da aka cire maka sun shiga. Sau da yawa a nan ake gano an yi shekara ana cirewa ba a zubawa, kuma hukumar kula da fansho, PenCom, tana karɓar irin wannan koke. Wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya neman cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusunsa ba.

12. Idan gidanku ne ke ɗaukar mutane aiki.

Gidaje da yawa su ma iyayen gida ne: akwai mai gadi, direba, mai aikin gida, yaron shago. A nan ba takarda, sai amana, kuma a nan ne rabuwa ta fi yin ɗaci. Tun ranar ɗauka a faɗa a gaban wanda ya kawo shi: duk wanda zai rabu da wani ya faɗa da saura wata ɗaya, ko mako biyu, yadda kuka ga ya dace. A rubuta a littafin da ake rubuta albashi.

Mai gadi ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, in ruwa ya sauka ina so in koma gida noma." Ya ba ka notis ke nan, a yarensa. Amsa masa da kyau, ku tsayar da rana, ka tambaye shi ko yana da ɗan'uwa amintacce da zai riƙe ƙofar. Yarinyar da ke taya Hajiya aiki aka sa ranar aurenta, a biya ta cikakke, har da kuɗin da aka ce ana ajiye mata. Akwai mummunar ɗabi'ar da ya kamata a daina: sai ranar da mai aiki ta ce za ta tafi a tuna cewa sarƙa ta ɓata wata shida da suka wuce, a zazzage jakarta a tsakar gida, a riƙe albashinta. Idan da gaske an yi sata, ranar da aka yi ta ake magana.

Yaron shago da ya yi shekaru yana jiran kanti a kasuwar Kwari ko ta Singa, ranar da ya ce yana son tsayawa da ƙafarsa, a yi lissafin kaya tare a gaban dattawan layi, a sallame shi da abin da aka yi masa alkawari. Shi ma kada ya zaɓi ana saura mako biyu sallah, kasuwa ta cika, ya ajiye makulli. Idan kuma ku ne za ku sallami mutum ba laifin komai, ku ba shi wa'adin da kuke so a ba ku, ko kuɗinsa.

13. Masu aiki a Nijar da Ghana.

Kowace ƙasa da ma'auninta. A Ghana, dokar ƙwadago ta 2003 ta ce yarjejeniyar shekara 3 zuwa sama wata 1 ne, ƙasa da haka mako 2, mai aikin mako-mako kuma kwana 7. A Nijar akwai dokar aiki ta 2012, tsawon wa'adin kuma yana bin matakin ma'aikaci, kuma ofishin sufeton aiki ne ake fara zuwa neman sulhu kafin kotu.

14. Idan sulhu ya ƙi.

Fara da wasiƙa mai ladabi zuwa ga shugaban wurin, da adadin da kake bi da ranar da kake sa ran biya. In shiru, nemi wanda ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ko wakilin ƙungiyar ƙwadago idan kana cikinta. Daga nan akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihohi, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana kuma sauraron koke kyauta.

Shari'ar aiki da albashi ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, kamar yadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya tanada. Tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da wasu biranen, kuma tana da cibiyar sulhu da alƙali zai iya tura ƙara can a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashin albashi ba ne, ba kuma wurin kama ma'aikacin da bai cika notis ba, don wannan saɓanin yarjejeniya ne, ba laifi ba. Kafin ka shigar da ƙara, auna abin da kake bi da kuɗin lauya da zirga-zirga, kuma kada ka bari shekaru su ja, domin ƙara tana da wa'adinta. Ranar ganin lauya ka tafi da takardar ɗaukar aiki, da kwafin murabus mai sa hannun wanda ya karɓa, da takardun albashi, da bayanin asusun banki na watanni shidan ƙarshe.